Ɗan kabu-kabu ya je ya dawo, an ce gudunshi sifili: ina gaskiyar take?

Wata ɗiyata 'yar sagond C nan cikin Maradi ta aiko mini da wagga tambaya, kuma da ganin rubutun ranta a ɓace yake. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Mushe ina wuni. An ba mu dabuwar, ɗan kabu-kabu ya tashi daga x = 0 ya kai x = 3 km cikin minti 6, ya juyo ya dawo inda ya tashi cikin minti 4, wai a nemo matsakaicin gudunshi. Na haɗa kilomita 6 na raba da minti 10 na samu 36 km/h, malaminmu ya sa jan bik ya kashe ya rubuta 0. Ta yaya mutumin da ya ƙone mai za a ce gudunshi sifili ne? Kuma shi gudu mai alamar ragi ba rage gudu yake nufi ba?"

To ɗiyata, lahiya lau. Ki kwantar da hankalinki, lissafinki bai da kuskure ko ɗaya, kilomita 6 cikin minti 10 tabbas 36 km/h ne, wato 10 m/s. Shi ma malaminki sifilin nan nashi ba daga sama ya ɗauko shi ba. Abin da ya faru ku biyun kowa tambaya daban ya amsa, kuma rabin laifin na harshe ne, don a faransancin da muke karatu da shi kalma guda ce, bites, take ɗauke da abu biyu, mu ma a Hausa haka muke cewa gudu ko sauri mu wuce, su kuwa masu karatu da turancin Ingila irin 'yan uwanmu na Katsina da Jibiya kalma biyu gare su, sipid daban belositi daban, shi ya sa idan kinka kalli darasin wani malamin Najeriya a waya sai ki ji kamar wani ilimi ne na daban alhali shi ne dai namu. Ni a aji ga yadda nake raba su: nisan da ƙafa ta taka ina ce mishi tsawon tahiya, canjin wuri daga inda anka tashi zuwa inda anka tsaya ina ce mishi gusawa, shi ne deplasman ɗin cikin kayenki. Tsawon tahiya a raba da lokaci ya ba da sauri. Gusawa a raba da lokaci ya ba da belositi, wato gudu mai alkibla.

Bari mu bar babur tukuna mu tahi bakin rijiya, don ban san wani motsi da ya kai na guga miƙewa ba. Kin zura guga a rijiya mai zurfin mita 20, ya sauka ya sha ruwa, kin jawo shi ya dawo hannunki. Igiya ta wuce ta tafin hannunki mita 20 a sauka, mita 20 a hawa, tsawon tahiyar guga mita 40 ke nan, kuma kafaɗarki ta san da haka. Amma in wani ya rufe ido lokacin da guga yake hannunki, bai buɗe ba sai da ya dawo hannunki, kinka tambaye shi guga ya gusa? Zai ce ko kaɗan, inda na bar shi nan na iske shi. Wannan mai rufe idon shi ne gusawa. Ba ruwanshi da wahalar da anka sha a tsakani, abu biyu kawai ya sani, ina kinka tashi, ina kike yanzu. A rubuce Δx = x na ƙarshe − x na farko, shi ke nan, babu wani abu a ciki bayan wannan. Ki ja guga 50 tun asuba har hantsi, ki cika randa da tulu da kwatarniya, tsawon tahiya ya kai mita 2000, gusawar guga tana nan sifili.

Yanzu koma kan dabuwar ɗinki. Da tambayar ta ce x = 0 da x = 3 km, ai ta riga ta shimfiɗa miki layin awo, ta kafa mafari, ta zaɓi gefen da ake ƙirgawa da alamar ƙari. A zuwa Δx = 3 − 0 = +3 km cikin minti 6, belositi +30 km/h. A dawowa Δx = 0 − 3 = −3 km cikin minti 4, belositi −45 km/h. Tahiyar gaba ɗaya Δx = 0 − 0 = 0, a raba da minti 10 ko da shekara 10 sifili ne. Wannan ita ce amsar malaminki. Taki kuwa amsar kontar babur ce, mai ƙirga kilomita, shi ba ya ragewa don an juyo, ƙari kawai ya sani, kuma shi ne wanda mai kabu-kabu yake kallo in zai yanka miki kuɗi. Na taɓa tsokanar wani da yake kai ni lakkol ya maido ni gida, na ce mishi yau a kimiyyance ba ka kai ni ko'ina ba tunda ga ni ƙofar gidana, ya dube ni ta madubi ya ce mushe ai kimiyyar taku ba ta sayen esans, kawo kuɗina. Kuma shina da gaskiya, mai da taya da gajiya duka tsawon tahiya suke bi.

To wa ya cancanci makin? Nan sai na ga takardar da idona. In an rubuta bektar bites, wato gudu mai alkibla, ko an ce matsakaicin gudu bisa layin x, ko kuma darasin da kuke ciki duka da ma'anar (x₂ − x₁)/(t₂ − t₁) malamin yake aiki, to sifili ce amsa, ba gardama. In kuwa bites mwayen, wato matsakaicin gudu, kawai anka rubuta babu wani ƙarin bayani, to tambayar ce ta zo da baki biyu, don tun kolej an koya muku matsakaicin gudu nisa ne a raba da lokaci, kuma ba wanda ya zo ya ce muku an soke wancan. Ni a ganina da yake an ba ki x da lambobi, alamar tana karkata wajen malamin, amma da ni ke gyara da ban ba ki ziro ɗungurungum ba. Ki same shi bayan darasi, ba gaban 'yan aji ba, ki gaishe shi ki ce mushe ina son in gane bambancin ne, ba ki ce kin zo karɓar hakkinki ba. Kuma daga yau duk tambayar da ta zo miki haka da baki biyu ki rubuta duka biyun, kowace da sunanta: matsakaicin sauri 36 km/h, matsakaicin belositi 0. Layi ɗaya ne ƙari, ba mai gyaran da zai kashe miki shi.

Wani abu da kinka yi daidai ba ki ma lura ba, ba ki haɗa 30 da 45 kin raba biyu ba. Da yawa haka suke yi su samu 37,5 su ja layi a ƙasa suna murna. Ba daidai ba ne saboda mutumin ya fi daɗewa a kan 30 ɗin, minti 6, a kan 45 minti 4 kawai ya yi, dole matsakaicin ya rinjaya wajen wanda anka fi daɗewa a kai. Ki gwada da babbar hanya, mu ɗauka Maradi zuwa Tasawa kilomita 120 ne don lissafi ya yi sauƙi, dama kusan hakan ne, mota ta tahi da 60 km/h awa 2 ke nan, ta dawo da lodi tana 40 km/h awa 3, jimla kilomita 240 cikin awa 5, 48 km/h, ba 50 ba. Raba biyu yana aiki ne kawai in lokutan biyu daidai suke, ba nisan ba. Ita hanyar Tasawa ba miƙaƙƙiya ba ce kamar igiyar guga, akwai kwana-kwana, a takardar dabuwar ne kawai muke miƙe ta.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ita ce ma ta fi cin ɗalibai a bak, maganar alamar ragi. A'a ɗiyata, −45 km/h ba rage gudu ba ne. Dubi lambobin naki da kanki, a dawowar ma ya fi zuba wuta, 45 ta fi 30, amma ita ce mai mwan, alamar ragi, a gaba. Alamar nan ba ta faɗin komi game da birki ko totur, alkibla kawai take nunawa, wato shina tahiya ne ta gefen da lambobin x suke raguwa. Kuma wa ya zaɓi gefen? Ke, ko wanda ya rubuta tambayar. Da kin juya kibiyar layin kin ce gefen gida shi ne ƙari, da zuwa ta zama −30 dawowa ta zama +45, babur ɗin bai san an yi ba, bai ƙara gudu ba bai rage ba. Shi ya sa nake ce ma ɗalibaina abin farko da za ka yi kafin ka taɓa kalkiletiris shi ne ka ja layi, ka ɗiga mafari ka rubuta O, ka sa kibiya. Wanda bai yi haka ba duk alamomin da zai rubuta daga baya caca ce, wani lokaci ta faɗa daidai wani lokaci ta kife.

Akwai abin da nake yi duk shekara in mun zo wanga darasi. Ina hitar da aji waje, a ƙarƙashin bedi in ja dogon layi a cikin rairayi da sanda, in aza dutse a tsakiya in ce wannan shi ne O, kowane taki in yi ɗan zane, dama ƙari hagu ragi. Sai in kira yaro guda in ce tsaya kan +4, yi tahiya zuwa −3. Ajin su ƙirga, taki 7. In ce gusawa nawa? Nan take aji ya rabu uku, masu cewa 7, masu cewa 1 don sun cire 3 daga 4, da 'yan kaɗan masu cewa −7. Sai mu rubuta a ƙasa da yatsa, −3 − (+4) = −7. Daga nan in ce to yanzu tashi daga −3 ka je −1, su ga ashe duk da yaron bai bar gefen ragi ba gusawarshi +2 ce, don dama ya nufa. Wannan wurin shi ne inda kai ke buɗewa, alamar matsayi daban, alamar gusawa daban. Wata shekara wani ɗan ƙiriniya ya ce mushe to in na tahi da baya fa, fuskata tana kallon dama amma ƙafata tana hagu? Na ce ai mota ma in ta yi aryar hancinta gaba yake kallo, lissafi ba ruwanshi da inda hancinka ya dosa, inda x ɗinka ya dosa yake kallo. Ya gwada, ya yi tuntuɓe da dutsen O ɗin ya zauna a ƙasa, aji ya kwashe da dariya, amma har sunka gama tarminal ba wanda ya manta darasin a cikinsu.

Bari in ƙara miki gishiri a tambayar taki don ki ga gusawa mai ragi. A ce da ya dawo bai tsaya mafari ba, ya zarce har x = −600 m, ya ƙara minti 2. Lokaci gaba ɗaya minti 12, wato 0,2 h. Tsawon tahiya 3 + 3 + 0,6 = 6,6 km, matsakaicin sauri 33 km/h. Gusawa −0,6 − 0 = −0,6 km, matsakaicin belositi −3 km/h. Ma'anar −3 ɗin nan ita ce, da wata tsohuwa ta tashi daga mafari lokaci guda da shi, ta nufi gefen ragi tana takawa a hankali da 3 km/h ba tsayawa, da tare za su iso wurin. Haka nake son ki riƙa jin matsakaicin belositi, gudun da ba ya canzawa wanda zai kai ki wuri guda a lokaci guda. Kuma ki lura girman gusawa bai taɓa wuce tsawon tahiya, iyakarshi su zo daidai, kuma suna zuwa daidai ne kawai in a miƙe anka tahi ba a juyo ba ko sau ɗaya. In kinka gama lissafi kinka ga gusawa ta fi tsawon tahiya, koma baya, akwai inda kinka zame.

To yaushe ake cewa abu yana rage gudu? In girman belositi yana sauka zuwa sifili, ko da wace alama yake ɗauke. Daga −45 zuwa −20 rage gudu ne, ko da yake a lissafin matematik −20 ta fi −45 girma, ga inda gizo ke saƙar. Daga −20 zuwa −45 ƙara gudu ne. In kunka shiga darasin akselerasiyon, wato yadda belositi yake canzawa da lokaci, za ki ga ƙa'idar a gajarce, in v (belositi) da a (akselerasiyon) alamarsu guda abu yana ƙara gudu, in alamarsu ta saɓa yana ragewa. Ɗauki goriba ki cilla ta sama a miƙe da 10 m/s, mu ce sama ne ƙari, mu ɗauki akselerasiyon ɗin da jan ƙasa ke ba abu mai faɗuwa g = 10 m/s² don sauƙi, ainihinta kusan 9,8 ce, mu kuma yi kamar iska ba ta taɓa ta. A hawa v tana da ƙari, a tana −10, sun saɓa, goriba tana sanyi. Bayan sakan 1 ta kai mita 5, v = 0 daidai wannan ƙiftawar, amma a tana nan −10 ba ta je ko'ina ba, da ita ma ta zama sifili da goriba ta tsaya cak a sama kamar an rataye ta, mu kuwa mun san komi nisan jifa ƙasa zai faɗo. A saukowa v ragi a ragi, sun haɗu, gudu yana ƙaruwa, a sakan 2 ta dawo tafin hannunki da −10 m/s. Tsawon tahiya mita 10, matsakaicin sauri 5 m/s, gusawa sifili, matsakaicin belositi sifili. Ɗan kabu-kabunki ne dai ya sake dawowa cikin rigar goriba.

Duk abin da munka yi zuwa yanzu matsakaici ne, tsakanin lokaci biyu. Amma allurar da ke gaban mai babur ba matsakaici take nunawa ba, gudun yanzu-yanzu take nunawa, kuma sauri ne ba belositi ba tunda ba ta san gabas da yamma ba. Ki dubi Usain Bolt ɗan Jamaika, a Balin ta Jamus cikin 2009 ya yi mita 100 cikin sakan 9,58, matsakaicinshi 10,44 m/s, kusan 37,6 km/h, kin ga ya ɗan fi ɗan kabu-kabunki ma. Amma lokacin da bindiga ta tashi gudunshi sifili ne, a tsugune yake, tsakanin mita 60 da 80 kuwa ya haura 12 m/s. Lamba guda ta 10,44 ta ɓoye duk wannan. Kuma tunda layin mita 100 miƙaƙƙe ne ba juyowa, a nan sauri da belositi girmansu guda. Mai ninkayar mita 100 a tafkin gasa mai tsawon mita 50 kuwa, ya je ya dawo bangon da ya tashi, ko ya ci zinariya matsakaicin belositinshi sifili ne.

Yaya ake kamo gudun yanzu-yanzu alhali a ƙiftawa guda abu bai gusa ba, lokaci ma bai wuce ba, sifili a kan sifili? Dabarar ita ce a matse tazarar lokacin a ga inda lambar ta dosa. Mu koma rijiya, amma irin masu zurfin nan na wajen Dakwaro. Saki tsakuwa, ƙasa ne ƙari wannan karon, x = 5t². Muna son gudunta daidai t = 2 s, lokacin tana x = 20 m. Daga sakan 2 zuwa 3, x ya tashi daga 20 zuwa 45, matsakaici 25 m/s. Matse, daga 2 zuwa 2,1, x = 22,05, gusawa 2,05 a raba da 0,1 ya ba da 20,5. Ƙara matsewa, daga 2 zuwa 2,01, x = 20,2005, gusawa 0,2005 a raba da 0,01 ya ba da 20,05. Kin ga inda ta nufa, 25, 20,5, 20,05, tana ta lallaɓawa wajen 20. To 20 m/s shi ne belositin tsakuwar a t = 2 s. Abin da za a koya muku nan gaba da sunan deribe ke nan, v = dx/dt, deriben 5t² shi ne 10t, ki sa t = 2 ki samu 20 ba tare da duk wannan wahala ba, amma ina son ki yi wahalar sau ɗaya da hannunki kafin a ba ki gajeriyar hanya, don wanda bai taɓa matse lambobin nan da kanshi ba deribe tana zame mishi kamar laya, yana rataye da ita bai san mi ke ciki ba. Newton na Ingila da Leibniz na Jamus su sunka tsara wannan lissafi a ƙarni na 17, kowa ta hanyarshi. Kafin su Galile na Italiya, da ba shi da agogon da zai kama faɗuwa, sai ya riƙa gangaro da ƙwallo a kan katako mai ɗan tudu don motsin ya yi sanyi ya auna, ya kuma bayyana a littafinshi na 1638 cewa nisan da ake ci a lokuta masu bin juna yana tahiya kamar 1, 3, 5, 7. Duba tsakuwarmu, sakan na farko mita 5, na biyu 15, na uku 25, na huɗu 35. Raba kowace da 5 ki gani.

Girafik kuma kada ya ba ki tsoro, amma akwai tarko guda. Zanen x bisa t ba hoton hanya ba ne. Na sha ganin ɗalibi ya ga layi ya hau ya sauko ya rubuta wai babur ya hau tudu ya gangaro, alhali hanyar shimfiɗaɗɗa ce kamar faranti. In kinka zana na dabuwar ɗinki za ki samu layi ya tashi daga 0 ya hau zuwa 3 km a minti 6, sannan ya sauko zuwa 0 a minti 10, kamar jinkar ɗaki wadda gefe guda ya fi tsayuwa. Karkatar layin ita ce belositi, hawa ƙari, sauka ragi, kwance tsayuwa, kuma gefen saukowa ya fi tsini saboda 45 ta fi 30. Matsakaicin belositi shi ne karkatar zaren da za ki ɗaura daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe, a nan duka biyun suna kan 0, zaren a kwance yake, ga sifilin malaminki ya sake hitowa. A zanen v bisa t kuwa hilin da ke tsakanin layin da gindin zanen shi ne gusawa. Sama akwai akwati mai tsayi 30 da faɗin 0,1 h, hilinshi +3 km. Ƙasa akwai mai zurfi 45 da faɗin minti 4, wato 1/15 h, hilinshi −3 km. In kinka haɗa su da alamominsu sifili, in kinka watsar da alamomin 6 km. Amsarki da tashi suna zaune cikin zane guda.

Inda za ki ga amfanin alamar a zahiri shi ne tambayar haɗuwa, kuma ba ta rasa zuwa a jarrabawa. Mota ta tashi daga Maradi zuwa Tasawa da 60 km/h, a daidai lokacin wata ta taso daga Tasawa da 40 km/h. Sa O a Maradi, kibiya ta dubi Tasawa. Ta farko x₁ = 60t. Ta biyu ta fara daga 120 kuma tana zuwa ta gefen ragi, x₂ = 120 − 40t. Haɗuwa na nufin x₁ = x₂, 100t = 120, t = 1,2 h, a kilomita 72 daga Maradi. Wanda ya manta mwan ɗin ya rubuta 120 + 40t zai samu awa 6 a kilomita 360, wato ya mayar da tambayar ta zama mota tana bin wata a baya, har sun wuce Damagaram ba su sani ba. Kuma don Allah 1,2 h ba awa 1 da minti 20 ba ne, 0,2 × 60 minti 12 ne, awa 1 da minti 12. Ni kaina wannan ta taɓa cin mini maki ina ɗalibi, na yi komi daidai har layin ƙarshe na rubuta 1 h 20, malamin ya zagaye ta da ja har bik ya huda takardar.

Haka ma juyin km/h zuwa m/s, ba sai kin haddace ba, kilomita mita 1000 ce awa sakan 3600, shi ya sa ake rabawa da 3,6 in za a koma m/s, a ninka da 3,6 in za a dawo. Ki riƙe guda a ka, 36 km/h daidai da 10 m/s, da ita za ki riƙa auna sauran, in kinka samu mai tahiya da ƙafa yana 18 m/s kin san ninkawa kinka yi inda ya kamata ki raba.

Ga wadda za ki gwada daren nan ki aiko mini, da zanen layin da O da kibiya, in babu su ba zan duba ba. Yarinya mai tallar fura tana kan miƙaƙƙen titi a x = +200 m. Cikin minti 5 ta taka zuwa x = −100 m, ta tsaya minti 3 tana dama ma wani mai shago, sannan anka kira ta ta koma x = +50 m cikin minti 2. Nemo gusawa da belositin kowane zango da alamarshi, har da zangon tsayuwar, sannan tsawon tahiya da matsakaicin sauri, da gusawa da matsakaicin belositi na minti 10 ɗin gaba ɗaya, duka a m/s. In kin gama ki juya kibiyar ta dubi ɗaya gefen, O ya zauna inda yake, ki sake lissafin tun daga farko, ki ja layi ƙarƙashin lambobin da sunka canza alama, waɗanda ba su motsa ba ki zagaye su.